Shirun Mai Sunan Baba

Birni, Damagaram.

Zuwa ga ƙanena Kassim, a Bilma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka Kaltuma, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya lau, kai da abokan aikinka da yaran lakkwal ɗin da kake fama da su. Allah ya tsare ka daga zafin ranar can da ruwanta mai gishiri, ya rufa maka asiri a ƙasar baƙunci, ya sa albarka a abin da kake koyarwa. Mu a nan sai godiya. Iya tana nan da ƙarfinta, ban da gwiwar nan da take kuka da ita kullum, wadda har yau ban ga ta hana ta zuwa biki ko gaisuwar mutuwa ba. Damina ta yi kyau bana, iyayen matarka Zuwaira sun aiko mana da gero da gyaɗa daga Dogo, har da busasshiyar kuɓewa. Maigida yana nan a butikinsa na Zango, ni ma ina taɓa turaren wutana, ana saye daidai gwargwado. Dabinon da ka aiko ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai ɗinkin bakin buhun ba irin naka ba ne, kuma tun da Mutari direba ya sauke shi yake kauce wa idona. Ban ce ya ci ba, na dai faɗa maka abin da na gani. Shi ɗin ne zai kawo maka wannan takarda, shi ya sa za ka ga na liƙe ta ta ko'ina.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke danna waya. Dalili shi ne duk saƙon da ka turo a wayar Iya a tsakar gida ake kunna shi, da ƙarfi, har maƙwabta suna amsa maka sallama ta kan katanga. Tawa wayar kuwa ta fi zama a hannun yara bisa ga hannuna. Maganar da ke bakina ba ta tsakar gida ba ce. Ka san halina, tun muna ƙanana ake cewa Kaltuma ko inuwarta ba ta yarda da ita ba, kuma kai ne kan gaba wajen faɗa. To ka ajiye wannan tsokanar a gefe ka karanta har ƙarshe, don maganar ɗanka ce, Abba, mai sunan Baba. Raina ba a kwance yake ba a kan yaron nan, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

In ka gan shi yanzu sai ka ce tubarkalla. Saura kaɗan ya cika shekara, ya yi ɓul-ɓul, haƙora sun fito sama da ƙasa, rarrafe kuwa sai an je an taro shi daga zaure. Yana dafa turmi ya miƙe, yana kai tuwo baki da hannunsa, in ka yi masa dariya ya mayar maka. Abu ɗaya ne babu, shi ne baki. Zakiyya, 'yar maƙwabciyarmu Ramatu, wadda aka yi sunanta mako ɗaya da nasa, tun da sassafe take tashin gidansu da gwaranci, tana yi wa akuya faɗa, tana kiran duk wanda ya gifta baba, in an ambaci sunanta daga bayan ɗaki sai ta waiwayo. In aka zaunar da su tabarma ɗaya, ita tana ta zuba kamar mai tallar nono, shi yana kallon bakinta. Kada ka ce ban san yara sun bambanta ba, na goya biyar. Suma'ilana sai da aka daɗe da yaye shi kafin ya haɗa kalma biyu, har ana ce mini bebe na haifa, ga shi yau ba mai iya sa shi ya yi shiru. Amma Suma'ila tun yana koyon zama in an buɗe kwano a madafa zai juyo, kuma bakinsa ba ya hutawa da surutun da ba mai ganewa. Ɗan shekara ba wanda ya nemi ya yi hira. Ana dai son a ji yana gwada bakinsa, ana son ya san an kira shi. Abba ba ya yin ko ɗaya. In ba kuka ko dariya ba, ba ka jin muryarsa.

Da na fara taɓa wa Iya zancen, sai ta kalle ni kamar na taka kabarin Baba. Ta ce yaro ya gaji mai sunansa ne, me ya fi wannan daɗi. Ka tuna Baba, Allah ya jiƙansa, yadda yake wuni a rumfar dukancinsa yana ɗinkin fata, mai saye ya zo ya yi ciniki ya tafi bai ji komai daga bakinsa ba sai albarka ko na sallama. Mu kanmu da ido yake yi mana faɗa. To Iya ta riƙe wannan da hannu bibbiyu. Duk tsohuwar da ta shigo sai ta nuna mata shi ta ce ga Malam ya dawo, ga zamansa, ga kallonsa, ga rashin son hayaniyarsa. Su kuma su ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wata rana babbar tasar wanke-wanke ta kuɓuce wa Zuwaira ta faɗi dab da bayansa, kaji suka watse, ni kaina sai da na yi salati, shi ko gezau. Na kalli Iya ina jiran ta yi magana. Sai ta ce mu ga jarumi, Malam ma ko aradu ba ta firgita shi. Na haɗiye abin da ke bakina, don ban ga mai ƙarfin halin da zai ce mata shirun da take tinƙaho da shi ba gado ba ne.

Daga nan na mayar da idona kan uwarsa. Ka san kunyar ɗan fari irin ta mutanen ƙauyensu, ba irin ta 'yan matan yanzu ba da ke manna jariri a kumatu suna ɗaukar hoto. Ba ta kiran sunansa, na yanka ko na gida. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In yana kuka sai Iya ta ce ta ɗauke shi mana, sannan ta ɗauka tana kallon gefe kamar ɗan wata aka ba ta riƙo. Ga shi kuma sunan surukinta ne a kansa, kunya ta zama biyu. Da farko na fi kowa yaba mata, don ni ma har yau ban taɓa kiran sunan babban ɗana ba. Kai ma da ka zo hutun damina haka ka yi ta kewaye yaron kamar ka hango surukarka a lungu, ban ga ka ɗauke shi a gaban Iya ko sau ɗaya ba. To yaron da uwarsa ba ta kiransa, ubansa ba ya kiransa, kakarsa ta ce ba ya son hayaniya, ta yaya za a gane ko yana amsawa? Amma a hankali na lura kunyar Zuwaira ba irin wadda na sani ba ce. Mai kunya kawar da kai take yi ta ci gaba da aikinta. Ita kuwa kanta yana gefe, wutsiyar idonta tana kansa. Ta rame, abinci sai ta tsakura ta ture, in an yi raha dariyarta ba ta wuce leɓe. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya fara zo mini shi ne maganin barci. Ka san masu yawo da magani a tire cikin lungunan Birni, an ce akwai matan da ke ɗura wa yara wani ruwa don su samu sararin aiki ko na kallon waya. Na shiga ɗakinta da sunan zan turara mata sabon haɗin da na yi, na aike ta ɗebo garwashi, na duba bayan gado da cikin kwanukan jere. Har bakin yaron na sansana. Ban sami ko kwalba ɗaya ba. Abin da na samu a ƙarƙashin matashi ya fi ɗaure mini kai: 'yar ƙararrawa irin wadda ake rataya wa akuya, da usur ɗin wasan yara, da gwangwanin tumatir da aka zuba wa tsakuwa aka toshe bakinsa. Me matar aure za ta yi da waɗannan a ɓoye? Da na haɗa da abin da Ramatu ta tsegunta mini, cewa duk ranar da Iya ta fita unguwa tana jin kaɗe-kaɗe daga ɗakin ta kan katanga, sai zuciyata ta tafi wurin 'yan bori. Na ce shi ke nan, wani ya ba ta aiki, ko kuwa garin neman wani abu ta jawo wa yaro abin da ya kama masa harshe.

Ana cikin haka Zuwaira ta fara neman izinin Iya, wai za ta Kara-Kara gaida gwaggonta Delu. Ta je, ta sake zuwa, ta kuma komawa. Sai Allah ya haɗa ni da Gwaggo Delu a wurin wani suna, ban ma tambaye ta ba ta fara ƙorafi, wai 'yarta ta zama matar Birni, rabon da ta taka gidanta tun Sallar layya. Kassim, ba zan ɓoye maka ba, a ranar babu irin tunanin da bai zo mini ba, har da wanda ba ya rubutuwa. Da ta sake cewa za ta Kara-Kara, na bari ta fita, na zumbula hijabin da ba ta san ni da shi ba, na tare kabu-kabu na ce ya bi na gabansa. Ba Kara-Kara suka nufa ba, ba kuma gidan boka ba. A ƙofar gidan likita ta sauka, ta gyara goyonta ta shige. Kana tsammanin hankalina ya kwanta? Sai ma sabon zato ya taso. Na tuna ka yi hutu a gida, na tuna ramarta, na ce kwanika ce, ciki ya shiga, nono ya lalace, shi ya sa yaro ya yi sanyi, ita kuma kunya ta hana ta faɗa. Har na shirya irin faɗan da zan yi maka, Mushe malamin lakkwal, ka ci sa'a ban aiko shi ba.

Gaskiya ta fito ranar da aka yi rasuwa a Zango, Iya ta ce in raka ta gaisuwa. Da muka ɗan yi nisa na ce na manta turaren da zan kai wa wata, ta yi gaba zan cim mata. Ban manta komai ba. Na dawo na cire takalmi tun daga zaure, kuma tun daga nan nake jin ƙararrawa. Ƙyauren ɗakin Zuwaira bai rufu duka ba, na leƙa ta gefen asabari. Abba yana zaune a tabarma ya ba ta baya, yana wasa da ludayi, ita tana durƙushe a bayansa. Ta kaɗa ƙararrawa ta dama, ta kaɗa ta hagu. Ta busa usur. Ta girgiza gwangwani. Shi yana ta cizon ludayinsa. Sai ta ajiye su duka, ta matso da bakinta kusa da ƙeyarsa, ta kira shi. Ba Abba ta ce ba. Sunan yanka ta kira, sunan Baba, Kyari, wanda ni da aka haifa a gidan nan bakina bai taɓa furtawa ba. Ta kira a hankali, ta kira da ƙarfi, ta kira har muryarta ta shaƙe. Bai waiwayo ba. Da ta taɓa kafaɗarsa da yatsa sai ya juyo da sauri, ya ga fuskarta, ya ƙyalƙyale da dariya yana miƙa mata ludayin. Ta rungume shi tana kuka, tana yi masa irin sambatun da uwa ke yi wa autanta. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu. Na zo kama mai laifi ne, na rasa yadda zan yi da abin da na kama.

Da na yi gyaran murya ta zabura kamar ɓarauniya, kuma abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne in rufa mata asiri kada Iya ta ji ta kira sunan. Ka ji fa abin da ya fi damunta a lokacin. Na zaunar da ita na ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ta faɗa mini tun daga tushe. Ta ce tun bazara ta sani, tun sanƙarau ɗin nan da ya kwantar da shi a asibiti. Kafin ciwon, in ta shigo ɗaki ta yi magana yakan juyo, har ya fara amsa mata da 'yan surutansa in suna su biyu. Bayan an sallamo su sai surutun ya riƙa raguwa kamar ruwa a randa mai tsaga, har ya ƙafe. Mu kuwa muna ta sadakar waina muna murnar abin da ciwon ya bar mana, ba wanda ya tambayi abin da ya tafi da shi. Na ce me ya hana ta magana duk watannin nan. Ta ce da wane baki za ta tsaya a gaban Iya ta yi zancen ɗan fari, balle ta ce mai sunan Malam ba ya ji. A garinsu in uwa ta nuna damuwa da ɗan fari a fili, har jikokinta sai an yi wa gori. Kai kuma, in ji ta, duk lokacin da ka kira, Iya tana zaune a gefe tana ɓare gyaɗa. Ta ce tasar nan ma ba kuɓuce mata ta yi ba, da gangan ta sake ta, don Iya ta gani da idonta ta faɗa da bakinta, sai Iya ta mayar da abin kirari. Dama tun ranar na yi zargin haka, don Zuwaira ba ta da sakin hannu, dalilin ne kawai ban gano ba.

Washegari na ce wa Iya zan raka Zuwaira Kara-Kara, Allah ya yafe mana, muka tafi gidan likita tare, don ni ba na karɓar labari daga baki ɗaya. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, dattijo ne mai haƙuri, duk da na yi masa tambayoyin da suka sa ya cire tabarau ya ƙare mini kallo. Ya leƙa kunnuwan da 'yar fitila ya ce ba ruwa, ba mugunya, ba abin da ya toshe, harshe da ganda kuma lafiya lau. Ya ce sanƙarau yakan taɓa ji daga can ciki inda ido ba ya kaiwa, wani kunne ɗaya, wani duka biyu, wani kaɗan, wani gaba ɗaya, kuma shi ba zai yanke hukunci ba sai an auna da na'ura a babban asibiti, in ba a samu a nan ba sai Yamai. Zuwaira ta ce ranar da aka yi wata aradu mai ƙarfi a ƙarshen damina ta ga ya ɗaga kai ta hagu. Majo ya ce wannan abin a riƙe ne, amma kada a jingina da shi a kwanta. Abin da ya fi nanatawa shi ne lokaci. Ya ce da kunne yaro yake koyon magana, kuma a shekarun nan na farko ne kansa ya fi ɗauka. In akwai sauran ji, akwai abin da ake saƙala masa a kunne ya ƙara shi. In babu, akwai maganar hannu, a fara koya masa tun yanzu, mu ma mu koya. Ya ce tun zuwanta na farko ya gaya mata ta zo da uban yaro ko wani babba, amma ta yi ta dawowa ita kaɗai tana roƙon ya sake dubawa ko an samu canji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun ɓata watanni muna yaba wa yaro haƙuri.

Akwai abin da dole in faɗa maka ko da zai yi maka ɗaci. Saƙonnin nan da kake turowa kana cewa a kara wa mutuminka waya a kunne, kana yi masa 'yar waƙa tun da ba a ganin fuskarka, Iya kuma tana mayar maka da cewa ya ji har ya yi dariya. Dariyar gaskiya ce, amma ba muryarka yake yi wa ba. Na gwada. Na kunna saƙonka a bayansa har ya ƙare, bai motsa ba. Na kashe muryar gaba ɗaya na kawo wayar gabansa, yana ganin hasken gilashin ya washe baki yana miƙa hannu. Na daɗe ina juya wannan a raina, ko in bar ka da daɗin da kake ji a can inda ba ka da kowa. Sai na ga in na yi shiru na shiga sahun masu shiru, kuma sun isa haka. Daga yau in za ka turo masa abu, ka turo fuskarka, ka yi masa dariya, ka ɗaga masa hannu, wannan zai kai gare shi.

Saura zargina na ƙarshe, kuma shi ne ya fi damuna. Tun ranar na koma kallon Iya. Kassim, Iya ba ta taɓa yi wa yaron nan magana daga baya. Duk ciwon gwiwarta sai ta zagayo gabansa ta sunkuya. In yana can ƙarshen tabarma, sai ta bubbuga tabarmar da tafin hannu tukuna, ya ji motsi a jikinsa ya ɗago, sannan ta ce Malam ya amsa. Na ga ta yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wanda ya yarda yaro yana ji ba ya bugun tabarma. Shekaranjiya kuma na tarar da ita da Tahiru wanzami suna ƙus-ƙus a zaure, ina matsowa suka koma gaisuwa. Na bi shi waje na tsare shi, ya ce Iya ce ta ce da zarar yaro ya cika shekara ya zo ya duba ƙarƙashin harshensa, in akwai linzami ya yanke. Matar da ke cewa shirun gado ne, me ya haɗa ta da wanzami? Na ce masa uban yaro ya ce kada a taɓa shi sai ya zo. Ka ga na ari bakinka na ci maka albasa, kuma ban san tsawon lokacin da wannan zai tsare askar ba. Ina kyautata zaton Iya ta sani, watakila ma ta riga mu duka. Tun rasuwar Baba ba ta sake yin dariya har cikinta ba sai da aka raɗa wa yaron nan sunansa. In ta yarda cewa shirun na ciwo ne, kamar ta sake rasa Malam ne. Abin yana ba ni tausayi, yana kuma ba ni haushi. Gida ɗaya, mata uku, kowace ta sani, kowace tana jin nauyin 'yar'uwarta, yaro yana zaune a tsakiya yana kallon bakunanmu.

Kai ma ban wanke ka ba. Mutumin da ke tsayawa a gaban aji yana gane yaron bencin baya da bai ji an kira shi ba, ya yi hutu guda a ɗaki ɗaya da ɗansa, ya ce bai lura da komai ba? Zuwaira ta ce akwai ranar da ta ga ka tafa hannu a bayansa, da kuka haɗa ido ka ce sauro ka kashe. Zato zunubi ne, na sani, amma in ka gani ka haɗiye, to mun zama huɗu. Ga abin da nake so. Ka nemi izini wurin manyanka ka zo. In hanya ta ƙi, ka kira Iya, kira ba saƙo ba, ka ce ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure, ka faɗa mata da bakinka cewa kai ka ce a kai shi awon kunne, kuma kada aska ta taɓa shi. Daga bakina za ta ce halin Kaltuma ne, daga bakin Zuwaira rashin kunya ne, daga naka kuwa maganar uba ce, kuma ina jin kaya za ka sauke mata daga ka. Ni zan raka su ko Yamai ne, maigida ya riga ya yarda. Sannan ka gaya wa matarka ka yafe mata kunyar nan, ta riƙa zama a gaban ɗanta a tsakar gida tana yi masa magana ido cikin ido kamar yadda majo ya ce. Duk wanda zai yi mata gori ya zo ya same ni. Yarinyar nan ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta ita kaɗai tun bazara, kuma ba ta da wanda za ta jira izininsa sai kai.

Iya ba ta san na rubuto ba, amma na san da ta sani za ta ce a sa maka albarka, don haka na sa. Maigida yana gaishe ka, da Suma'ila da Fati da sauran yara, Fati ta ce dabinon na gaba ya zama mai laushi. Kawu Ɗanƙarami yana gaisuwa, ya ce yana nan yana yi maka addu'a bayan kowace salla. Ramatu ta ce a gaishe ka, ban dai gaya mata komai ba, kai ma ka san bakinta. Zuwaira tana gaishe ka, kanta a sunkuye. In ka bi ta Dirku ka gaida Lawali ɗan Kawu da iyalinsa, ka ce uwarsa tana cigiyarsa. Ka gaida mai masaukinka da mutanen gidansa, Allah ya saka musu da alheri kan riƙon da suke yi maka.

A nan ne masu rubuta wasiƙa suke cewa jariri ma yana gaisuwa. Ni ba zan rubuta maka haka ba. Ga shi nan zaune a gabana ya ba ni baya. Na kira shi don in gaya masa takardar babansa ce, har yanzu ina jira ya waiwayo.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ya sa da wuri.

Yayarka,
Kaltuma